Na Cika Rumbuna, Babu Mai Tsare Gari

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Maryam da yara. Yaya aiki, yaya sanyin can? Mu nan Kontagora lafiya, sai kewa.

Wasan nan na gina gari da yaƙi, wanda muke yi a da a kwamfutar Baba mu biyu kan kujera ɗaya, an fito da sabonsa. Na gwada ranar Asabar. Yaya, har ganyen bishiya motsi yake! Amma kiɗan na da ne.

Na kama aikina yadda na saba, na jera gonaki kamar na Kaka a Rijau, na cika rumbuna. Da abokan gaba suka ɓullo, sai na matsa gefe don ka karɓa, na manta ba ka nan. Ina kallo suka ƙone garin ƙurmus. Ashe ban taɓa koyon yaƙin ba, kai kake yi.

An ce yanzu ana bugawa tare ta intanet. Don Allah ka samo mini ko awa ɗaya.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. Na sake gina garin, na tsayar da wasan dab da isowar abokan gaba.

Ƙanwarka,
Hadiza