Hannun Daman Yaya Salimatu

Nima, Accra
14 ga Maris, 1988

Zuwa ga yayana Alhaji Gafaru, a Abidjan.

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da na shigo maka da damuwa a tsakiyar hidimominka. Na ɗauki alƙalamin nan na ajiye ya fi sau uku kafin na daure. Ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yata Fusena ta sauka lafiya, an samu mace.

Maganar babbar yayarmu ce, Salimatu. Ka san tun da ɓarin jikinta ya shanye, hannun dama ya dunƙule. Abin da na ɓoye maka shi ne ta ƙi cin abinci. Ta ce shekara sittin ba ta taɓa kai loma da hagu ba, ba za ta fara yanzu ba. Na tambayi Malam Seidu na masallacinmu, ya ce lalura ce, babu laifi. Da na gaya mata, sai ta ce to Malam ya ci da tasa hagun. In na ba ta a baki kuma ta kau da kai, wai ita ba jaririya ba ce. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu.

A asibitin Korle Bu, matar da ke motsa mata gaɓoɓi ta ɗaura mata wani katako mai siffar tafin hannu don yatsun su miƙe. Ta kuma zana mana abubuwa biyu a takarda, Imoro mai gyaran keken ɗinki ya haɗa su. Ɗaya ƙaramin wili ne irin na jan guga da ya rataye a bakin ƙofa, da igiyar shanya a kai: hagu ta ja, dama ta tashi sama. Yaya tana kiransa rijiyar da ba ruwa, amma bayan kowace salla sai ta ja sau talatin da uku, tana tasbihi. Na ji tsoron kada ya zama wasa da ibada, na sake komawa wurin Malam, ya yi dariya ya ce in bar ta. Ɗayan cokali ne da aka naɗe wa mariƙi da robar taya, da maɗauri a bayan hannu. Ranar Juma'ar da ta wuce ta sha koko da shi, da hannun dama, cokali bakwai. Rabi ya zube a ƙirjinta. Ta harare ni ta ce kukan me nake yi, in ƙaro sukari.

To, ga inda nake neman taimakonka. Ɗanta Sulemana ya shirya kai ta Bawku wurin mai maganin gargajiya. Ya riga ya yi magana da direban motar albasa a kasuwar Agbogbloshie, za su tashi bayan sati uku. Ba na zarginsa, tausayin uwa ne. Amma matar asibitin ta ce in aka daina motsa hannun wata ɗaya, zai koma ya ƙage. Na faɗa masa, ya ce Inna, itace da igiya ba magani ba ne. Yaya kuwa a gabansa shiru take yi, sai in ya fita ta kama zanena ta ce kada in bari. Kai ne kawunsa, ba ya tsallake maganarka. Ka ce masa ya bar ta nan ko zuwa bayan Babbar Salla, mu ga abin da Allah zai yi.

Ka gaishe da Hajiya Sahadatu, da Jalilu da Husseina. Zanen da ke ƙasan takardar nan ba ɓata ba ne: Yaya ce ta ce in ɗaura mata alƙalami kamar yadda nake ɗaura cokali, ta gaishe ka da kanta.

Don Allah ka ba da amsa da wuri, kafin motar ta tashi.

Ƙanwarka,
Zuera