Ruwan Tur'a da Fatihar da Ba a Ɗaga Ba

Hillar Malam Tukur, kusa da Managil
Ƙarshen watan Mauludi

Zuwa ga maigidana, Malam Abdussalami, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na tashar jiragen ruwa. Yaya zafin bakin teku, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mato direba ne zai miƙa maka ita in ya sauke albasarsa, don wayar nan tamu ba ta kamawa sai an hau rufin ɗaki, ni kuwa na wuce shekarun hawa rufi.

'Yarka Muhsina ta dawo daga Habasha, daga taron matasan nan na zaman lafiya da wata ƙungiya ta kai ta. Ta dawo da 'yar ƙiba, da jaka cike da manyan takardu da alƙaluma masu launi, da baki wanda ba ya rufuwa. Ta ce sun taru daga ƙasashe da yawa, har da 'yan Ruwanda da Kolombiya, an koya musu yadda ake zaunar da masu gaba su yi magana. Wai har wasan majalisar duniya aka yi musu, aka ba kowa ƙasa ya yi magana da bakinta, ita aka ba ta wata ƙasar Turawa mai ƙanƙara. Na yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar da ba ta iya raba zakaruna biyu in sun kaure, ita ce za ta raba duniya.

To, ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Mutanen ƙauyen Kubri sun datse mana tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwan gona. Ka san su ke sama da mu, sai ruwa ya wuce su yake iso mu, ma'aikatan ban ruwa kuma tun yaƙi ba su dawo ba balle a kai ƙara. Sun tara ƙasa da buhuna a daidai gadarsu. Da damina ba mu damu ba, amma yanzu sama ta ɗauke, dawar hawasharmu kuwa, gonar da muka dogara da ita, ta ɗauki ciki. In ba ta sha ba kafin ta fitar da kai, kara za mu girbe, kuma ba mu kaɗai ba, ƙauyen gaba ɗaya, duk hillar.

Har yau suna kan bakansu cewa 'yan hillarmu ne suka nuna wa masu bindiga gidan dattijonsu Abdulƙadir ranar da aka kashe ɗansa Ayman. Namu kuma sun ce daga Kubri aka nuno mu ranar da aka harbe ɗanmu a bakin hawasha. Ni ban san wanda ya nuna wani ba. Na dai san inda aka binne nawa.

Samarinmu sun fara maganar su je su fasa datsin da shebur da sanduna, su kuma can an ce ba da sanduna kawai suke jira ba. Cikin wannan wuta 'yarka ta tsoma kai. Tana yawo gida gida, nan da can, wai za ta tara mu duka a makarantar da ke tsakaninmu. Malam, hankalina ba a kwance yake ba. In ta fita sai in share tsakar gida, in sake sharewa, in leƙa ƙofa, in dawo in tarar na ƙona miya. Na ba da ɗaya, ba ni da ƙarfin ba da na biyu.

Ka rubuto mata ta zauna, ko da yake na san ba za ta ji ba, halinka ta ɗauko. Abin da ya fi shi ne ka zo da kanka. Hanya ta buɗe tun bara, kowa na zuwa yana komawa.

Ka gai da mai ɗakin da kake haya da iyalinsa. Allah ya tsare ka.

Matarka,
Hannatu

Hillar Malam Tukur
Farkon watan bayan Mauludi

Zuwa ga maigidana.

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci a kan lokaci, ba shayi da burodi kullum ba. Ban ga amsarka ba, amma Mato ya rantse ya sa takardar a hannunka, don haka ga wata.

An yi taron. Da ka ga makarantar nan da ba ka gane ta ba. Muhsina da ƙawayenta sun manna takardu a bango, sun jera kujeru a zagaye, babu ta gaba babu ta baya. Shaihun hilla ya shigo ya yi ta neman mazauninsa, da aka nuna masa kujera daidai da ta jikansa sai ya ɓata rai, ya zauna da rabin jiki. Ta kuma zo da wata 'yar ƙwallo, wai wanda ke riƙe da ita shi kaɗai ke da baki. Ni aka ba aikin shayi, na yi shi da madara kamar na suna, na soya zalabiya kwano guda.

Mutanen Kubri sun zo, kuma wallahi ban zaci za su zo ba. Sai dai ba su zauna ba. Suka tsaya daga bakin ƙofa, Abdulƙadir a gaba. Ya tsufa, Malam, rawaninsa ya yi masa yawa. Aka miƙa masa shayi ya kau da kai, aka kawo ruwan randa bai karɓa ba. 'Yarka ta je ta durƙusa ta miƙa masa ƙwallon, ya dube ta, ya karɓa ya ajiye a kan kujera. Ya ce ya zo ne don yarinya ta kira shi har gida, ba zai kunyata ta ba. Amma ya tambaya ta yaya zai zauna ya sha shayin mutanen da suke maƙwabtaka tun zamanin kakanni, aka kashe masa ɗa, ko mutum ɗaya bai tako ya ɗaga hannu ya yi masa Fatihar ta'aziyya ba. Shaihunmu ya miƙe ya ce su kuma wa ya tako ya ɗaga wa namu? Daga nan kowa ya buɗe baki, babu wanda ya tuna da ƙwallo. Allah ya sa dai ba a kai hannu ba. Suka juya suka tafi, shayina ya huce a buta.

Muhsina ta sha kukanta, washegari ta hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Managil, shagon da ake samun intanet. Ta yi magana da wata 'yar Ruwanda da suka zauna ɗaki ɗaya a Habasha. Ita yarinyar ta ce mata a garinsu ma ba daga taro aka fara ba, ta ajiye takardun tukuna, ta tambayi kanta abin da mutanenta ke yi in an yi mutuwa.

Da ta dawo sai ta zauna a ƙasa ta kama matsa mini ƙafafu, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Nan na san akwai magana. Wai in tashi in je Kubri in yi wa Sabah, uwar Ayman, gaisuwar ɗanta. Ta ce maza ba za su fara ba, kowa na ganin in ya fara ya amsa laifi. Amma in uwa ta je wa uwa, babu wanda zai ce an ci wani da yaƙi.

Malam, na janye ƙafata. Sabah fa! Matar da muka yi shekaru muna tsinkar auduga layi ɗaya, wadda ta koya mini toya kisra, wainar dawar nan marar kauri, ta ci a kwanona na ci a nata. Aka kawo mini ɗana a kan amalanken jaki, ban ga ƙeyarta ba. Na san hanya ba ta biyuwa a lokacin, amma bayan ta biyu fa? Don me sai ni zan fara? Nata ɗan ya fi nawa ne? Na faɗa wa 'yarka ta ɗauki iliminta na Habasha ta kai wa wanda bai binne kowa ba. Yini guda ban yi mata magana ba, ita kuma ba ta ba ni haƙuri ba, sai bina take da ido.

Ga shi kuma na je hawasha jiya da safe. Ganyen ya fara naɗewa, ƙasa ta tsage har hannu yana shiga. Na tsaya na rasa inda zan sa raina. In na zauna ina jin haushin kaina, in na yi niyyar tafiya ina jin kamar na sayar da jinin yaron nan saboda dawa. Samari kuma sun ce haƙurinsu ya kusa ƙarewa.

Kai ne ubansa. Ka faɗa mini abin da zan yi, ko da kalma ɗaya ce.

Ina gaishe ka, Muhsina ma tana gaishe ka duk da fushin da muke yi.

Matarka,
Hannatu

Hillar Malam Tukur
Ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Malam Abdussalami.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kana cikin lafiya da kwanciyar rai. Saƙonka ya iso, layi biyu da ƙullin sukari. Ka ce in yi abin da na ga ya dace. Na gode da sukarin, shi na ɗauka na kai Kubri.

Na je, Malam. Kar ka tambaye ni yadda na yanke shawara, don ban yanke ba. Na idar da sallar walaha ne kawai na ga ina yafa mayafi. Muhsina ta ɗauki sukari da ɗanyen gahawa ta biyo ni, kuma tun da ta dawo ƙasar nan ban taɓa jin ta yi shiru irin na ranar ba. Muka bi bakin tur'a. Da muka iso datsin na ga ruwa cike a ɓangarensu har yana malala cikin ciyawa, namu ɓangaren kuwa busasshen taɓo. Raina ya ɓaci, na juya zan koma. 'Yarka ba ta riƙe ni ba, tsayawa kawai ta yi a kan hanyar da kaya a ka. Hanyar kuwa siririya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu.

Matan Kubri suka yi ta leƙe ta saman katanga. Na tarar da Sabah a inuwar rumfa tana yanka kuɓewar shanya. Ta ɗago ta gan ni, wuƙar tana hannunta. Duk Larabcin da na shirya a hanya ya gudu. Na ɗaga hannuwana na Fatiha kawai. Ta daɗe tana kallona, har na ce a raina yau na jawo wa kaina wulakanci. Sai ta ajiye wuƙar ta miƙe, ta faɗo jikina.

Mun yi kukan da ya kamata mu yi tun bara. Mata suka cika gidan suna taya mu. Cikin kukan ta kira sunan Ayman, sai na ji ta haɗa da sunan namu. Ka san tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, har ya koma ga Allah ina ce masa yaron nan. A gidan Sabah na kira shi, da ƙarfi, gaban mutane. Salih. Na yi ta faɗa kamar mai rama sallolin da suka wuce ta.

Ta dafa gahawar da na kai, na sha. Ban yi maganar ruwa ba, ita ma ba ta yi ba. Da za mu tafi Abdulƙadir ya tsaya daga bakin zaure ya kira Muhsina. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci shi da dattawansu za su zo hillarmu su ɗaga wa Salih Fatiha, daga nan kuma samarinsu da namu su wuce tur'a da shebur, a fasa datsin tare. 'Yarka ta yi murna ta ce ƙaninka zai karɓe su. Ya ce a'a. Shi uba ne da aka kashe wa ɗa, gaban uban da aka kashe wa ɗa zai ɗaga hannunsa. In uban bai samu zuwa ba, za su jira har ya samu.

Su suna iya jira. Dawa ba za ta iya ba, samarinmu kuma da ƙyar Muhsina ta sa suka yarda su kai Juma'a.

Malam, na yi ta kewaye-kewaye a takardun baya, yau zan faɗa. Na san abin da ya hana ka zuwa gida. Lokacin da mutane ke gudu, kai ka ce wa Salih ta waya ya tsaya ya kula da hawasha, ya kuwa tsaya. Tun ranar ba ka sake ambatonsa ba, ba ka ga kabarinsa ba, ba ka zauna an yi maka gaisuwa ba. Babu wanda ya ɗora maka laifi a garin nan, ni ban ɗora maka ba ko sau ɗaya, Allah shi ne shaidata. Amma hawashar da ya tsaya dominta ita ce take bushewa yanzu.

Mato zai juyo ranar Laraba, na riga na ce ya ajiye maka gaban mota saboda bayanka. Ni na yi tawa tafiyar, kuma ba ta kashe ni ba. Ranar Juma'a zan shimfiɗa tabarmar maza a ƙofar gida. Don girman Allah, kar ka bari Abdulƙadir ya zo ya tarar babu kowa a kanta.

Sai na gan ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka, uwar Salih,
Hannatu