Almakashin Baba Mai Yanka Yana Kan Teburina

Salamu alaikum, Baba mai wannan fili. Don Allah ka agaza mini da shawara kafin in rasa mutumin da ma'aikatarmu ba ta motsi sai da shi. Ina rubutu ina yi wa kaina dariya.

Kwanan nan aka ɗauko ni daga wani reshe aka ba ni shugabancin wurin da muke ɗinka kayan 'yan makaranta. Murna kamar in taka rawa a bakin titi. Na sayi sabon gyale, na sayi fulas ɗin shayi da kofuna masu furanni, har mijina ya koma ce mini "ranki ya daɗe" ko gishiri zai miƙo. A horon da aka yi mana an ce shugaba nagari yakan zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, ya ji damuwarsa. Na ce ai an zo gidana, ni da ba na gajiya da hira.

Akwai wani ɗan ɗaki bayan teburin guga, da kujera mai jan kushin. Na share, na fesa turare, na jera biskit. Don girmamawa na fara da dattijon wurin, wanda kowa ke kira Baba Mai Yanka. Na leƙa na kira shi a gaban kowa, sai na ji kekunan ɗinki sun yi tsit. Na ce a raina, lallai ina da kwarjini. Ya shigo da almakashinsa naɗe a ƙyalle, ya ajiye a gabana, ya yi godiya a kan shekarun da ya yi. Ni kuwa na ɗauka al'adar wurin ce. Na rufe ƙofa, na zuba masa shayi, na shiga zuba: sababbin kekuna, sabon tsari, da matasan da za mu ɗauka su riƙa yanka. Da na gama ya miƙe. Na raka shi har bakin ƙofa ina yi masa fatan alheri.

Washegari bai zo ba. Na kira wata mai saka maɓalli ɗakin, tun ba ta zauna ba ta fashe da kuka, wai marayu take riƙo. A bakinta na ji cewa shugaban da na gada ba ya kiran kowa ɗakin nan sai in zai sallame shi, jar kujerar ma "sai wata rana" suke ce mata. Da mijina ya ji, dariya ya yi har ya ƙware. Yanzu Baba ba ya ɗaga wayata, an kusa komawa makaranta, yadi ya taru ba mai yankawa, almakashin kuma yana nan yana hararata. In watsar da wannan zama ne? Yaya zan dawo da shi?

'Yarka, Sabuwar Shugaba.

Wa alaikis salam, 'yata. Ina taya ki murnar wannan girma, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma na ɗan dara. Niyyarki kyakkyawa ce, zaman kuma bai kamata a watsar da shi ba. Kuskurenki shi ne kin tambayi masu horo yadda ake zama, ba ki tambayi mutanen wurin abin da ɗakin yake nufi a gare su ba. Shi ma dattijon da ya buɗe baki ya tambaya, da an huta. Sai dai wanda ya ga abokan aikinsa suna fita ta wannan ƙofa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ji ana batun matasa masu yanka, yana da uzuri.

Ki daina kiran wayar. Ki ɗauki almakashin ki je gidansa da ƙafarki, mijinki ya raka ki, bayan ya gama dariyarsa. Ki gaida shi gaisuwar 'ya ga uba, ki faɗi abin da ya faru a taƙaice, ki gaya masa cewa matasan nan a ƙarƙashinsa za su koya.

Sannan ki tara ma'aikata ki bayyana musu cewa kowa zai riƙa samun lokacinsa da ke, a ranar da ya sani tun da wuri, ba kiran bagatatan ba. Ki fitar da jar kujerar, ki bar ƙofa a buɗe har sai su da kansu sun nemi a rufe. Kada ki haɗa wannan zama da faɗa ko gargaɗi, domin ranar da kika haɗa, tsohon suna zai dawo wa ɗakin. Idan an zauna, ki tambayi abin da ke hana aiki tafiya, ki kama bakinki ko da shirun ya yi tsawo. Abin da aka roƙa, ko ƙwan lantarki ne a kan teburin yanka, ki yi shi kafin zama na gaba.

Fulas ɗin da kofunan ki riƙe su. Ranar da Baba ya dawo, ki zuba masa, ki zuba wa kanki, ki yi ta kurɓa har ya gama magana. Allah Ya taya ki riƙo, Ya mayar da almakashi hannun mai shi.