Awa Biyun Abba

Nassarawa GRA, Kano, 3 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya Taufiq,

Ina fata kana lafiya, ya aiki a Fatakwal? Na rubuto ne don waya ba ta shiga wurin aikinku.

An sallamo Abba daga asibiti da na'urar oksijin, likita ya ce kada a kashe ta. Ka san halin wutarmu: a ɗauke ƙarfe goma na safe, sai shida na yamma. Hayaƙin janareta kuma tari yake tayar masa. Saura batiran inbata. A jikin na'urar an rubuta wat 350. Firjin da allurar ciwon sukarin Umma take ciki kuma wat 150. Kai ne injiniya, awa nawa za su kai mu?

Umma tana gaishe ka.

Ƙanwarka, Najla

Fatakwal, 6 ga Afrilu

Wa alaikumus salam Najla,

Allah Ya ba Abba lafiya. Ki haɗa 350 da 150, ya zama 500. Batiran nan sun tsufa, ba za su ba da fiye da wat 3,000 na awa guda ba. Raba 3,000 gida 500, awa shida ke nan. Ku kuwa takwas kuke bukata. Zan nemo sababbi, amma sai ƙarshen wata. Ki sa ido daga ƙarfe huɗu.

Yayanki, Taufiq

Kano, 17 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina jin ka yi kuskure. Kullum na dawo daga ofis ƙarfe biyar na'urar tana aiki, har a kawo wuta. Alhamdu lillahi. Abba ne dai yake ta ramewa, ko fira ba ya iya ja.

Najla

Fatakwal, 19 ga Afrilu

Najla,

Bayan gaisuwa, na sake lissafin sau uku. Ban yi kuskure ba. Akwai abin da ake kashewa a gidan nan idan ba kya nan. Don Allah in takardar nan ta same ki, ki dawo daga ofis da wuri, kada ki gaya wa kowa.

Taufiq

Kano, 21 ga Afrilu

Yaya,

Na dawo bayan azahar. Umma tana ɗakinta tana hutawa. Na tarar da Abba a kan kujera, robar oksijin ta hancinsa a cinyarsa, na'urar a kashe, leɓensa ya yi baƙi. Na yi maza na kunna ta. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Na ga takardar yayanki a kan tebur. In firji ya tsaya, maganin Ummanku ya lalace a zafin nan. Ni zan iya jure awa biyu."

Na ce, "Abba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Da ta ji, ita za ta daina allurar."

Kullum haka yake yi, sati biyu. Na kai maganin gidan Anti Hasiya a Giginyu, suna da sola. Na kashe firjin. Amma ƙafafun Abba sun kumbura, mun koma asibiti. Likita ya ce zuciyar ta wahala. Ka taho.

Najla

Kano, 24 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abba ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan la'asar. Na san kana hanya.

Umma ta tambaye ni dalilin da na fitar da maganinta daga gidan. Na ce firjin ne ya lalace. In ka iso, kai ma haka za ka ce.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Najla