Bauren da Ya Tsiro a Bangon Ɗakinka

Zuwa ga ɗana Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da binciken masarar da ya kai ka Meksiko. Mu nan Argungu sai godiya. Ruwa ya ja baya, shinkafar fadama ta yi kyau. Gwiwar innarka tana nan da halinta, ciwon ba ya tashi sai ranar daka.

Ƙanwarka Munira ta nuna mana bidiyon da ka aiko na tsohon birnin mutanen Maya a cikin kurmi. Mun gan ka kana hawan matakalar dutse, kana haki kamar wanda ya ja taru shi kaɗai. Innarka ta rufe ido, ta ce a gaya mata in ka sauko. Ni kuwa saiwoyin itatuwan nan na tsura wa ido, yadda sunka rungume bango sunka raba dutse da dutse. Mun ji mai yi muku jagora yana cewa mutane ne sunka watse, daji ya shigo a hankali. Sai na tuna kufan Surame, inda kakanka ya kai ni ina yaro.

Da gari ya waye na zagaya bayan ɗakinka, wanda na kulle tun tafiyarka na hana kowa shiga. Ashe baure ya tsiro a tsagar bangon, har ya kai kaurin damtse. Ka san yaɓenmu, ɗakin da ake kwana ciki ake fara bi, naka kullum sai a ce baɗi. Na kira Kalilu magini. Ya ce in an tumɓuke yanzu bangon zai tsira, in ya ƙara damina sai dai a kwashe ƙasa. Ya kuma ce gyaran banza ne muddin ba mai kwana ciki.

To, ga maganar. Musaddiq ɗan baffanka, amaryarsa za ta tare bayan girbi, kuma ba shi da ɗaki. Na ba shi naka. Na san ka ce a ajiye maka shi, na kuwa ajiye, har itace ya riga ka shiga. Innarka ta adana littattafanka a akwati, tana tsoron ka ɗauka an fidda kai daga gida. Ba a fidda kai ba. Ranar da ka dawo akwai gado a ɗakina, sai dai ka jure minsharina. Ka kira innarka ka ce ka yarda, daga bakinka take son ji.

Innarka da Munira suna gaishe ka, haka baffanka Hodi da goggo Ma'u ta Birnin Kebbi. Allah Ya tsare, Ya maido mana da kai lafiya.

Mahaifinka,
Abu Tamba