Ɗana Ya Ɓoye Takubba a Kwalin Sandunan Labule

Assalamu alaikum Anti Muhsinat. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in yanke hukuncin da zan zo ina nadama, domin yadda zuciyata take tafasa yanzu ban amince da kaina ba.

Ni Bakanuwa ce, na daɗe a Dubai. Sana'ata saya wa matan can gida kaya: abaya, turare, labule, kayan kicin na amare. Su turo saƙo, in shiga kasuwar Al Sabkha in zaɓa, a ɗaure a kwali, a kai kargo. Mijina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar ni da ɗa guda, Sanda, wanda yanzu ya haura ashirin. Bizarsa a ƙarƙashina take, kuma shi ne yake ɗaure min kwalaye ya rubuta sunana a jiki. Ban yi sakaci da tarbiyyarsa ba. Ban bar shi yawon banza ba, ban bar shi askin 'yan iska ba, sallar asuba kuwa ko da ruwan sanyi sai ya tashi.

Tun yana sakandare ya ɗauko wata ɗabi'a ta kallon zanen Japanawa a waya, daga nan ya kamu da son takubbansu, masu ɗan lanƙwasa da ake ce wa katana. Ya zauna yana min bayanin ƙarfe da kube da zaren da ake naɗe ƙota da shi, kamar wanda ya gaji ƙira. Na gaya masa a gidanmu ba a san wannan ba. Inda muka fito, saurayin da aka gani da doguwar wuƙa sunansa ɗan daba, ba wani suna. Ya ce na gasken ma ba zai iya saye ba, sai mai hali, shi na araha yake nema wanda ake yi a China. Wata rana na tarar da guda a ƙarƙashin katifarsa, ya tara kuɗin abincinsa ya saya. Ban tsaya jin ta bakinsa ba, na naɗe shi a buhu na kai bola. Daga ranar bai sake ambatar takobi a gabana ba, ni kuma na yi hamdala, na ce yaro ya shiryu.

To Anti, ga inda abin yake min ciwo. Mai kargon da nake hulɗa da shi, Malam Hamissou, mutumin Nijar ne, dattijo mai tsantseni. Kwalin kowa sai yaransa sun farke sun duba kafin a loda, saboda mutane suna cusa abin da bai kamata ba. Nawa ne kaɗai ba a taɓawa. In na ce kayan mata ne, shi ke nan, khalas, a ɗora a sikeli a wuce. Ba kuɗi ne suka saya min wannan ba, shekaru na yi ina faɗin gaskiya ko da za ta ƙara min kuɗin awo. Har misali yake yi da ni a gaban 'yan kasuwa maza. Sanda ya san haka, domin a gabansa ake yi.

Watan jiya na haɗa kayan ɗakin 'yar Hajiya Ummi Kulsum, tsohuwar abokiyar cinikina a Kano, wadda ta damƙa min komai na bikin ba tare da ta ga ko hoto ba. A cikin kayan akwai dogon kwali na sandunan labule. Ashe ɗan da na haifa ya zare rabin sandunan, ya jera takubba shida da wasu wuƙaƙen kicin irin na Japan ɗin, ya naɗe su da labulen amarya, ya manne kwalin, ya rubuta sunana da hannunsa. Da bakina na ce wa Malam Hamissou sandunan labule ne. Ƙarya na yi ban sani ba.

A tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali na'urar bincike ta nuna su. Aka sauke kwantenar da kayan suke ciki gaba ɗaya aka buɗe, jirgin ruwa ya tafi ya bar ta, da kayan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Malam Hamissou ya sha wahala da zirga-zirga kafin a sake ta. Da aka duba aka ga takubban dakusassu ne, na ado, kuma dattijon bai ambaci sunan yaron ba, ya rufa mana asiri. Amma da na koma da wasu kaya, a gaban kowa ya sa aka farke kwalayena ɗaya bayan ɗaya, har da na ɗan kunne. Bai ɗaga kai ya dube ni ba. Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Da na titsiye Sanda, bai musa ba. Wai wani abokinsa mai shagon aski a Kano da wasu samari masu kallon irin abin da yake kallo ne suke so su rataya a bango, wuƙaƙen kuma wani mai kilishi ne ya ce a gwada masa. Wai jari yake son haɗawa don ya daina miƙa min hannu. Wai da ya tambaye ni ya san bola za su tafi. Ki ji fa, ni ce ma mai laifin! Yaran yanzu ba su san cewa suna ya fi riba ba. Ba takubban ne suka fi ƙona min rai ba, a'a, zama da ya yi ya lissafa cewa kwalin uwarsa ne ba a buɗewa, ya mai da mutuncina mayafin ɓoye kayansa.

Yanzu biki ya matso, kaya ba su tashi ba, Hajiya tana kira ina cewa matsalar jirgi ce. Na ƙudura in soke bizarsa in mayar da shi Kano wurin baffansa, ya je ya ga yadda duniya take. Tun ranar ban ci abinci da shi ba. Amma shi kaɗai gare ni. Anti, in kore shi ko in yi yaya?

Uwa mai takaici, Deira, Dubai

*

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Ba zan rage wa Sanda laifi ba. Ya ci amanarki, ya jefa dattijon da ya yarda da ke cikin haɗari, ya taɓa kayan amaryar da ba ruwanta. Da takubban masu kaifi ne, ko da a wani wurin aka kama su, da yanzu wani zancen ake yi. Dole ya san wannan, kuma ya ji nauyinsa a jikinsa.

Sai dai ki ba ni dama in faɗa miki abin da na gani a wasiƙarki. Ranar da kika kai takobinsa bola, ba son abin kika cire masa ba, bakinsa kika rufe. Tsoronki yana da tushe, duk wadda ta san abin da dogayen wuƙaƙe suka yi wa unguwanninmu za ta fahimce ki. Amma saurayin da ya hana cikinsa abinci don ya sayi abin ratayawa a bango, kuma yake neman jarin kansa, ba ɗan daba ba ne. Wauta ya yi, da rashin kunyar amfani da sunanki.

Kada ki soke bizar cikin fushi. Idan kika tura shi Kano yau, kin raba shi da mutanen da ya ɓata wa, ke kuma ki zauna da kunyar ke kaɗai. Ki bar shi a nan ya gyara da hannunsa. Ki tasa shi gaba zuwa wurin Malam Hamissou, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa a gaban yaran da suka farke kwalayenki. Daga nan duk kayan da za ki kai, Sanda ne zai buɗe su a kan sikeli kafin a tambaya, har ranar da dattijon zai ce ya isa.

Ki kira Hajiya Ummi Kulsum yau, ki daina cewa jirgi ne. Wannan ƙaryar taki ce, ba ta Sanda ba, kuma in ta ji daga bakin wani, ita ce za ta kashe cinikinku. Ki gaya mata gaskiya, ki miƙa masa wayar ya ba ta haƙuri. Abin da biki ba zai yiwu sai da shi ba a tura ta kargon jirgin sama, kuɗin kuma daga aljihunsa, ko da sai ya mayar da takubban inda ya saya ya karɓi abin da ya samu.

Game da sha'awarsa, ga abin da zai amfane ku. Takobi mai araha na bango ne kawai. Yawancinsu siririn ƙarfe ne aka liƙa a cikin ƙotar, in aka wulwula yana iya tsinkewa ya raunata na kusa, don haka ba abin aika wa samari ba ne. Ya bar wannan. Wuƙar kicin kuwa sana'a ce ta halal, kuma kina sayen kayan kicin dama. In zai yi, ya sayi guda ɗaya mai sauƙin kuɗi, ya duba cewa ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, ki gwada ta a kicinki wata guda ki ga ko tana riƙe kaifi. In ta yi, ya tambayi mai kargo ƙa'idar tura irinta a nan da can gida, a rubuta ta da sunanta, a kwalin da ke ɗauke da sunansa shi, ba naki ba.

Ki ci gaba da nuna masa ɓacin ranki, ya cancanta. Amma ki zuba abinci ki kira shi ku ci, ki gaya masa sharuɗɗan nan yana kallon idonki. Allah Ya mayar miki da mutuncinki a kasuwa, Ya shirya miki Sanda, Ya sa a yi bikin lafiya.

Anti Muhsinat