Bindigar Tanimu a Ɗakina

Juma'a, 3 ga Agusta, 1951

Ƙirji ya ɗan lafa yau, amma gwiwar hagu tana nan da halinta. Na sha kunu, tuwo ya gagara.

Tanimu ya zo bayan masallaci, da gefen ɗuwawu ya zauna a tabarma. Yana rataye da ƙaramar bindigar nan mai ɗora harsashi da kanta, wadda Baturen dabbobi ya bar masa da zai tafi gida. Ya ce tana cijewa, ga birai sun fara shiga masararsa a gonar hanyar Sahon Rami, zai kai wa Baba Saje ya duba.

Baba Saje! Haggai ke nan, mai gadin asibitin dabbobi, tsohon sojan da kunnensa ɗaya ya mutu. Tanimu fa ɗan ƙanena ne, na ɗauko shi ranar da aka binne ubansa, na yi masa kaciya, na yi masa aure. Yaushe ya samu wani Baban?

Lahadi, 5 ga Agusta

Kyauta maƙwabciyata ta kawo tuwo, ta kawo da labari. Wai shekaranjiya Tanimu yana wurin Haggai har la'asar sakaliya, suna cin gasasshiyar masara suna ƙyaƙyata dariya. Goron da na ajiye masa yana nan cikin ganyensa.

Juma'a, 10 ga Agusta

Ya zo. Bindiga ta sake cijewa, zai sake zuwa wurin Haggai. Na ce ya bar ta a nan, ni zan gyara.

Ya ce, “Baba, ai ba ka taɓa riƙe bindiga ba.”

Na ce ni da na yi boko a Kano tun ba a haifi uwarsa ba, na kwance agogon ofishin En'e na mayar, ƙarfen nan ne zai gagare ni? Ya sunkuyar da kai. Ba ya iya musu da ni, tun yana yaro. Ya zare harsasan ya zuba a aljihu, ya leƙa cikinta ya nuna mini babu komai, ya ce duk da haka kada in juya bakinta wajen mutum. Ya hau kekensa.

Yanzu dai in yana son ta, nan zai zo.

Asabar, 11 ga Agusta

Na wuni ina kallonta. Baƙa ƙirin, daga baki har wajen kunama. Ashe duk zaman da suke yi Haggai ko dauɗar jikinta bai wanke ba. Sai surutu.

Litinin, 13 ga Agusta

Na yi mata irin abin da mahaifina yake yi wa takobinsa: toka da lemun tsami da tsumma. Numfashi ya riƙa tsayawa, in huta in koma. Kafin azahar baƙin ya fita, tana walƙiya, har fuskata nake gani a jiki. Na kwance kusoshi, na cusa man kaɗanya a ciki da yatsa kamar yadda maharba suke yi wa bindigarsu ta adaka. Ban yi rowa ba. Na naɗe ta da tsohon rawanina na jingine a bayan ƙofa.

In ya gan ta zai san wane ne Baba.

Juma'a, 17 ga Agusta

Ruwa tun safe. Bai zo ba. Hanya ce, na sani.

Lahadi, 19 ga Agusta

Na buɗe rawani. Inna lillahi. Duk inda na goge ya yi ja da tsatsa. Kiyashi sun yi layi daga bango suna shiga ta baki suna fita ta ƙasa. Na ja ƙarfen da ke ɗora harsashi, ya ƙi motsi, man ya daskare ya zama ƙaro.

Ban faɗa wa kowa ba. Kyauta ta gani. Ɗaya ne da shelar kasuwa.

Talata, 21 ga Agusta

Haggai ya zo da kansa, da sallamarsa ta bariki, yana jan ƙafa. Na bar shi a tsaye ɗan lokaci kafin in nuna masa tabarma.

Ya ɗauki bindigar, ya fara leƙa cikinta, sannan ya juya ta ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Malam, ka yi mata wankan amarya, ka tuɓe mata zane!” Wai baƙin nan ba dauɗa ba ne, rini ne da aka yi mata don tsatsa.

Na ce to gwani, gyara mu gani. Sai ga shi yana sosa ƙeya. Shi babbar bindigar soja ya sani, wadda ake ja da hannu. Wannan bai taɓa buɗe cikinta ba, bututun kawai yake goge wa Tanimu. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Muka buɗe tare. Wata siririyar waya mai naɗi ta yi tsalle ta ɓace. Tsofaffi biyu a rarrafe, ni ba gwiwa, shi ba kunne, ina ce masa ƙarƙashin gado, yana cewa “Na'am?” A cikin ƙwaryar kunu muka same ta.

Laraba, 22 ga Agusta

Ya dawo da kananzir da siririyar sanda. Mun jiƙa ƙarafan, mun wanke man kaɗanyar da buroshin haƙori na Bature da ya tsinta. Ana ɗaura ƙyalle a sanda a tura ta bututu, a canza, a sake, har ƙyallen ya fito fari. Kyauta ta ba mu man keken ɗinkinta. Ɗigo kawai, in ji shi, ba miya ake yi ba. Hannunsa yana rawa, idona ba ya ganin ƙananan kusoshi, sai shi ya gani ni in ɗaura.

Ban so in tambaya ba, bakina ne ya tambaya: ko Tanimu ya je wurinsa ranar Juma'a?

Ya ce ina! Tun da aka karɓe bindiga yaron bai bar gona ba. A kan rumfa yake wuni da majajjawa da gwangwani, shi da matarsa. Naomi 'yar Haggai ce ta kawo labarin daga kasuwa. Birai sun cinye gefen rafi gaba ɗaya.

Tuwon dare ma na mayar.

Alhamis, 23 ga Agusta

Ƙarfen yana ja yana komawa da kansa, ƙas, ƙas. Tsatsa ta fita, amma ta bar zane kamar na agana. Rinin ba zai dawo ba. Haggai ya ce sai dai a riƙa shafa mata mai kullum, har damina ta wuce.

Akwai motar da ke bi ta wajen gonar gobe da safe. Ni ba zan iya ba. Na naɗe ta na miƙa masa. Da hannuna na miƙa masa.

Ya ce, “Me zan ce wa yaronka?”

Yaronka, ya ce. Na ce ya faɗi gaskiya, ni na goge ta. Ya ce zai ce mu biyu muka goge. Na ce kada ya kuskura ya raba ni da aikina.

Juma'a, 31 ga Agusta

Ƙirji da sauƙi. Na ci tuwo rabi.

Kyauta ta ce an ji ƙarar bindiga a gonar, birai sun koma dutse, abin da ya rage na masara zai kai. Haggai kuma ruwa ya doke shi a bayan mota, yana kwance da tari. Na aika masa da sauran zumar da nake sha da citta. Ba don komai ba, ta kusa tsami ne.

Na sa ta ta shimfiɗa tabarma biyu a zaure. Ta ce ta biyun ta wa? Na ce ta shimfiɗa kawai. Na raba goron, na ajiye ɓari.

Har aka kira magariba Tanimu bai zo ba.

Gobe in gwiwa ta yarda zan taka zuwa asibitin dabbobi. Mutumin ya manta sandarsa a nan.